Layin da Ba a Fesawa

Masu cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, da ni suke. Na sauka a wata ƙasa ta arewacin Turai da takardar shiga jami'a don karatun digiri na biyu a fannin ƙwayoyin cuta, da akwatina, da wata rigar sanyi da na saya a gwanjon Kasuwar Sabon Gari. Mai gwanjon ya rantse mini cewa ko a cikin firji na kwana da ita sai na yi gumi. Tun a bakin ƙofar filin jirgi iska ta ratsa ta ta same ni, kuma har yau ban yafe masa ba.

Sunana Kabiru. A Fagge aka haife ni, mahaifina Alhaji atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma duk gidanmu an san ni da saurin fushi da saurin hucewa.

Wanda ya fara yi mini maraba a ƙasar shi ne dillalin ɗaki. Tun ina Kano muka yi magana ta waya, ya turo mini hoton ɗaki mai babbar taga, ana hango itatuwa da wani ɗan tafki. Da ya zo ɗaukata sai ya yi ta gangarawa da ni matakala, ƙasa da ƙasa, har muka wuce inda ake ajiye kekuna. Ya buɗe ƙofa. Ga taga nan kuwa, ga itatuwa, ga tafki. Sai da na matsa zan buɗe ta in sha iska na tarar ashe ita ma hoto ce, an manna ta a bango. Na juyo zan sauke masa kwandon masifa, mutumin ya riga ya haye sama, sai ƙarar takalminsa nake ji. A ɗakin nan na zauna, ba na sanin gari ya waye sai agogo ya gaya mini. Wani lokaci in na idar da sallah sai in kama kaina ina kallon tafkin, ina jiran ruwan ya motsa.

Ban gama sanin hanyar jami'a ba korona ta rufe duniya. Aka kulle azuzuwa, aka dakatar da jirage, ɗalibai masu gata suka gudu gida kafin a rufe iyaka. Ni kuwa ga ni a ramina. In na kira gida, ba maganar mahaifiyata Hajiya kaɗai nake saurare ba, har da abin da ke bayanta: mai tallan ruwa, ƙarar turmi, 'yan adaidaita suna zagin juna a bakin layi. Sai in ce mata kada ta kashe, ta ajiye wayar kawai ta ci gaba da aikinta. Takardar zamana a ƙasar kuma tana rataye ne da karatu. In babu karatu, babu aikin binciken da malami zai sa wa hannu, wa'adinta na cika sai in tattara. Ga Alhaji ya riga ya gaya wa duk layinsu a Kwari cewa ɗansa ya tafi karatun likitan ƙwayoyi. Ban ga da wane ido zan dube shi ba in na koma hannu rabbana.

Ana cikin haka wata malamarmu, Dakta Marta, ta kira ni. Mace ce doguwa mai furfura, ba ta dariya, ba ta kuma zalunci. Ta ce tana neman mai taimaka mata a wani gwaji: masu jirage suna so su san wane maganin feshi ne ke kashe ƙwayar bairos a cikin jirgi ba tare da ya ci kujera ko ya tsattsaga taga ba. In na yi aikin da kyau za ta sa hannu a sabunta takardata, kuma aikin shi zai zama binciken digirina. Kafin ta rufe baki na ce na yarda.

Wurin aikin wani tsohon filin jirgi ne a bayan gari. Jirgin ƙasa zai sauke ka a tashar da ba kowa, sannan ka taka da ƙafa ta cikin hazo. Da farko ba ka ganin komai. Sai wutsiyoyi su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, jirage ne aka jera saboda babu inda za su, an toshe bakin injinansu da jan ƙyalle, an liƙe tagoginsu. Ni da na girma inda rugugin jirgi ke katse hira a tsakar gida, don Fagge ba ta da nisa da filin jirgi, ban taɓa ganin jirage da yawa haka sun yi tsit ba. Nakan ƙara sauri in na zo wucewa ta ƙarƙashinsu.

Namu yana cikin wata katafariyar rumfa ta ƙarfe. An yanke masa fikafikai da wutsiya, gangar jikin kaɗai aka bari a kan sanduna, da matakala a ƙofar gaba. Ranar farko da na shiga na ja da baya har na kusa faɗowa. Jirgin cike yake da fasinjoji. Kowa na zaune fari fat, an ɗaura masa bel, kai a miƙe, ba ido ba baki. Mutum-mutumi ne na roba da masu wani binciken iska suka bari. An sa musu waya a ciki tana ɗumama su daidai ɗumin jikin ɗan Adam, wasu ma akwai bututu a fuskarsu mai fitar da iska a hankali yana mayarwa. Dakta Marta ta ce a bar su a kunne domin ɗumin wurin ya yi daidai da na jirgin gaske. Saboda haka duk wanda ya ratsa tsakanin kujerun, kafaɗu masu ɗumi za su riƙa gugarsa, yana jin numfashi ta ko'ina.

Aikin kansa ba wuya, sai dai ba ya son ganganci. Da safe in ɗiga ruwan bairos, ɗigo-ɗigo, a kan ɗan teburin cin abinci na bayan kujera, da hannun kujera, da ƙarfen bel, da marufin taga. Bairos ɗin ba ya kama mutum, wata ƙwayar bakteriya yake ci, amma yana da taurin kai, shi ya sa aka zaɓe shi ya tsaya a madadin masu kama mutane. Sai mu fita mu bar shi ya bushe, kowa ya tafi ofis shan shayi da taron safe. In ya bushe ba ya barin alama. Bayan azahar a zo a yi feshi, kowane layi da irin maganinsa, a jira ya jiƙa wurin iya lokacin da aka ƙayyade, sannan in bi da tsinken auduga in dangwalo abin da ya rage in kai ɗakin gwaji. A can ake shafa shi a ƙananan farantai da aka shimfiɗa wa bakteriya. Washegari, in bairos na da rai, za ka ga farantin ya yi huji-huji kamar shaddar da asu ya ci. In maganin ya kashe shi, farantin zai fito sumul.

Layi ɗaya ne ba a fesawa, wato wanda ke daidai ƙofar gaggawa. Shi muke kira layin shaida. Dole farantinsa ya fito da huji, domin shi ke nuna cewa abin da na ɗiga da safe mai rai ne, ba ruwan banza ba. In shaida ta mutu, duk aikin ranar ya tashi a tutar babu.

Wurin sallah ya ba ni wahala. Masallatai a rufe suke, ofis kuma gilashi ne ta kowane gefe, in na kabbara sai kowa ya daina buga kwamfuta ya zuba mini ido. Waje kuwa ƙanƙara. Na lura a gaban layin shaida akwai ɗan fili saboda ƙofar, kuma alƙibla ta faɗa daidai. Na roƙi Dakta Marta. Ta ce ba a ɗiga komai a daɓen ba, in na yi alkawarin ba zan taɓa kujera ko tebur ba, ta yarda. Haka na riƙa yin azahar da takunkumi a fuska, jama'ar roba suna numfashi a bayana. Ni da ban taɓa limanci a Fagge ba, ga shi an tara mini mamu cike da jirgi, ba mai cewa amin.

Kakata Inna ta raine ni a kan cewa babu ɗakin da babu kowa. Ko kango za ka shiga, ka yi sallama; ko ruwan zafi za ka zubar, ka yi bisimilla, kada ka ƙona 'ya'yan waɗanda ba ka gani. Na yi karatun kimiyya har na haye teku, amma ban taɓa sa ƙafa a jirgin nan ban yi sallama ba, ban kuma taɓa danna feshi ban yi bisimilla ba. Mutumin da sana'arsa kashe abin da ido ba ya gani, ai ya kamata ya riƙa taka-tsantsan.

Wata rana na hau matakala da dardumata a hammata, na ce, "Salamu alaikum."

Daga can ƙarshen jirgi, bayan kawunan nan marasa fuska, aka ce, "Wa alaikumus salam. Maraba da Malam."

Ban san lokacin da dardumar ta faɗi ba. Na kama Ayatul Kursiyyu na rasa ta inda ake bi, na koma farko. Sai na ga wani baƙin kai da hular sanyi ya ɗago daga cikin fararen, yana dariya har da riƙe ciki.

"Haba Malam, aljanin Turai ai ba ya jin Hausa."

"Kai wane ne?" na ce, fushi ya fara hawa kan tsoro. "Wannan wane irin iskanci ne?"

"Yi haƙuri don Allah. Emeka sunana, ni ke sharar rumfar nan. Kullum ina jin kana sallama ba mai amsa maka, yau na ce alhaki zai kama ni. Daga ina a Kano? Don wannan Hausar taka ba ta Zariya ba ce."

"Fagge."

"Kai! Ɗan Fagge! Ni ɗan Sabon Gari ne, titi ne kawai ya raba mu."

Ban yi niyya ba, amma hawaye suka zubo mini cikin takunkumi. Tun da na zo ƙasar ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba.

Emeka ya girme ni nesa ba kusa ba. Iyayensa daga kudu suka zo, shi kuwa a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, kuma har lokacin mahaifiyarsa tana sayar da busasshen kifi da manja a kasuwa. Ta Agadas ya fito, ta hamada da teku, labarin da ba ya so a ja. Aikinsa share daɓen rumfar da kwashe kwandon shara na cikin jirgi. Na lura sunan da ke jikin katin wuyansa ba Emeka ba ne, hoton ma in ka ƙura ido ba shi ba ne. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Tun daga ranar na daina cin abinci ni kaɗai. Yakan zo da dafa-duka a roba da yaji mai sa hawaye, mu raɓe a bayan tayar wani jirgi mu ci, muna gardamar inda aka fi iya tsire. Ya ce mu 'yan Fagge sai cika baki, in muna son nama mai daɗi ai tsallakowa muke yi. Na ce to ko a Sabon Garin, masu tukubar 'yan ina ne? Shi ya kawo mini rigar sanyi ta gaske. Ya ɗaga tawa ta gwanjo da yatsa biyu, ya ce ya ma san rumfar da aka cuce ni, ta ɗan'uwansu ce.

Sai shaida ta fara mutuwa.

Ranar farko da na ɗauko farantin layin shaida na gan shi sumul, ko huji ɗaya babu, na ce ko ni na yi kuskure. Aka sake, washegari ma haka. Muka canza ruwan bairos, muka canza farantai, Dakta Marta da kanta ta tsaya a kaina na ɗiga. Wanda muka ɗiga a kan tebur a ɗakin gwaji ya rayu lafiya lau. Wanda aka ɗiga a layin ƙofar gaggawa ya mutu murus, alhali ba a fesa masa komai ba, ba kuma wanda ke da izinin taɓa shi.

Muna da wata fitila mai shuɗin haske da ke tona dattin da ido ba ya gani. Dakta Marta ta sa aka kashe wutar jirgin, muka bi shi layi-layi ni da ita. Feshi yana kashe ƙwaya amma ba ya goge tsohon tabo, jirgin kuwa ya yi shekaru yana ɗaukar mutane kafin a yanke shi, kuma duk sun bar sawunsu. Ga shatin yatsu a marufin taga, ga zoben gindin kofi a tebur, ga tafin hannun wani jariri a jikin bango, yatsu a warwatse. Da muka iso layin shaida hasken bai kama komai ba. Kujeru, teburori, bango, har daɓen, duk fes, kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Mutum-mutumin kujerar gefe yana ta numfashinsa.

Abin da ya fara zo mini shi ne maganar Inna. Na ce ko wurin yana da masu shi, sun gaji da ƙazantar da nake ɗiga musu. Har wani tunanin ya gifta mini, Allah ya yafe mini, wai ko albarkar sallar da nake yi a wurin ce ke kashe bairos. Ni da asuba ke yawan kufce mini a ramin nan! Na fara jin tsoron jirgin sosai, in na yi sujada sai in ga kamar in na ɗago zan tarar duk kawunan sun juyo.

Dakta Marta ba ta san aljanu ba, mutane ta sani. Ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Kabiru, kai kaɗai ke zuwa layin nan tsakanin ɗigawa da feshi. Ni na ba ka izini, kuma na fara nadama."

"Dakta, ban taɓa komai ba."

"To wa ya taɓa? Bairos ba ya mutuwa don ya ga dama. Aikinmu ya lalace, masu jirage suna jira. Ranar Litinin zan kai maganar jami'a. In ba a gano dalili ba, ba zan sa hannu a takardarka ba, kuma dole in ce ina zargin an taɓa gwajin da gangan. Za a kira duk mai katin shiga rumfar nan a bincike shi."

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Alhaji ya tsufa a Kwari ba a taɓa cewa ya rage wa wani yadi ba, yau ga ɗansa ana zarginsa da ha'inci. Na haɗiye abin da ya zo bakina na fita.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Washegari Juma'a na ɗiga bairos kamar kullum, kowa ya fita, ni kuwa na maƙale. Na ɗauke wani mutum-mutumi daga layin bayan shaida na kai shi can baya na kwantar, na dawo na zauna a kujerarsa cikin farar rigar aiki mai rufe kai, na ɗaura bel, na miƙe wuya. Kujerar da ɗuminta, kamar yanzu wani ya tashi. Wutar jirgin a rage take. Na dama da na hagu suna numfashi, can sai na ji nawa ya bi nasu. Na zauna har na fara shakkar ko in na so motsawa zan iya.

Sai matakala ta yi ƙara. Taku a hankali, da motsin ruwa a bokiti. Aka tsaya a gabana, aka durƙusa a layin shaida. Warin bilic, sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyi, ya ratsa takunkumina, tare da wata waƙar coci ƙasa-ƙasa.

Emeka ne. Ya matse tsumma ya goge daɓen, ya bi hannun kujeru, ya sauke teburori ɗaya-ɗaya ya goge ciki da baya, ya bi ƙarfen bel, ya bi marufin taga. Sannan ya ɗauko busasshen tsumma ya bi sawu. A natse yake yi, kamar mai gyaran ɗakin baƙo.

"Emeka," na ce.

Ya kurma ihu ya kira Yesu, bokitin ya kife. Da a wata rana ce, da na rama dariyar da ya yi mini. Na fizge bel na miƙe, na manta ya girme ni.

"Ashe kai ne! Kai ne ka kashe ni! Wa ya sa ka? Wa ya aike ka?"

"Malam, me na yi?" Yana haki, hannu a ƙirji. "Wurin sallarka nake gyara maka."

"Wurin sallata?"

"To da fa? Da idona nake ganin kana zuba cuta a nan da safe, da rana kuma ka zo ka kafa goshi. Ka taɓa ganin an yi sallah a kan najasa? Ni fa a Kwari na yi yaron shago. Duk Juma'a ni nake share ƙofar shagon maigidana in yayyafa ruwa kafin a shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya taɓa cewa in yi. Na ga duk sauran layukan ana fesa musu magani, nan kaɗai suke tsallakewa. Na ce wato don wurin Musulmi ne ba su damu ba. To ba a gabana ba."

Na zauna a hannun kujerar da aka hana ni taɓawa na yi masa bayanin shaida. Yana saurare fuskarsa na canzawa. Da na kai kan maganar Litinin da binciken masu kati, sai ya kama katin wuyansa ya juya shi.

"Na wani ne," ya ce. "Ka sani ai."

"Na sani."

"In suka duba, ba kora ba ce kawai. Tsare ni za su yi har a buɗe hanya su mayar da ni. Shi ma mai katin ya shiga uku."

Fushina ya riga ya tafi, sai tausayi da kunya. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ranar Litinin zan ce ni na riƙa goge wurin saboda sallah. In Dakta Marta ta sami mai laifi ba za a binciki kowa ba.

"Kai da ka karanci abin za ka ce kai ka goge? Takardarka fa? Alhaji fa?"

"Ni in na koma ta ƙofa zan shiga gida. Kai ta hamada ka zo."

Ya ce, "Ɗan Fagge, sai cika baki." Ya durƙusa ya tsane ruwan da ya zube, ya ɗauki bokitinsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce lokacin sallah ya yi, wurin dai ya riga ya gyaru, kada wahalarsa ta tafi a banza. Na yi sallar, ban san me na karanta ba.

Asabar da Lahadin nan ba jarumta na yi ba. Na ɗauki waya zan kira Alhaji in fara shimfiɗa masa maganar dawowa, na ajiye. Na shirya ƙaryar, na warware, na sake shiryawa. Akwai lokacin da zuciyata ta ce, kai Kabiru, wa ya aike shi? Duk da haka ranar Litinin na tafi da niyyar cika maganata.

Na tarar da Dakta Marta tsaye a ƙofar ofis da kofin shayi a hannu, ba ta sha ba. Kafin in gaishe ta ta ce, "Mai sharar nan ya tare ni a tashar jirgin ƙasa. Ya gaya mini abin da yake yi da dalilinsa, ya ce kai ba ka sani ba sai ranar Juma'a. Ya ce ba zai ƙara zuwa ba, kada in wahalar da kaina nemansa. Na ce ya tsaya mu yi magana, ya shige hazo." Ta ajiye kofin. "Da gaske ne a garinku wanda ba addininku ɗaya ba yakan share muku wurin ibada?"

Na ce da gaske ne.

"Ban kai sunansa ko'ina ba," ta ce. "Ban ma san sunansa ba."

Na kira wayarsa, a kashe. Na je gidan da ya taɓa kwatanta mini, wani mutum ya buɗe ƙofa ya ce ya kwashe kayansa, wai ya nufi kudu, inda ake tsinkar tumatir ba a tambayar takarda. Ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Washegari farantin shaida ya fito da huji-huji, kowa ya yi murna ban da ni. Muka gama gwajin. Wani maganin ya kashe bairos amma ya dusashe taga, wani ya bar kujera lafiya ya bar bairos ɗin ma lafiya, a ƙarshe aka sami waɗanda suka yi abin da ake so. Dakta Marta ta sa hannu. Na daina jin tsoron jirgin, sai dai ya zama mini wurin kewa, abincin rana ma a tsaye nake ci.

Da na gama karatu hanya ta buɗe, na dawo Kano. Jirgin da ya kawo ni yana warin maganin da na sani. Alhaji ya yanka rago, ya zagaya da ni layinsu a Kwari rumfa-rumfa. Da hayaniya ta lafa na tsallaka titi na shiga Kasuwar Sabon Gari, layin masu busasshen kifi, ina tambayar Maman Emeka. Aka nuna mini wata gajeriyar tsohuwa a bayan kwanduna, tana korar ƙuda da kwali.

Na durƙusa na gaishe ta. Da ta ji na ambaci ƙasar da sunan ɗanta sai ta riƙo hannun rigata.

"Ka gan shi? Yana lafiya? Ya aiko ka?"

"Mama, na gan shi, lafiyarsa ƙalau a lokacin. Bai aiko ni ba."

"A lokacin," ta maimaita. Ta ce tun cikin korona ya kira ta ya ce zai canza gari, in ya zauna zai neme ta. Shiru har yau.

Na ba ta labarin duka, jirgin da layin da bokitin, ban rage komai ba, har da cewa takardar da na dawo da ita ta hannunsa ta fito. Na zata za ta zage ni, na ma fi son ta zage ni.

"Halinsa ne," ta ce. "Tun yana ƙarami ba a sa shi, ba a kuma hana shi." Sai ta ɗago. "To aikin naku fa, ɗana? An samu maganin? Yana kashe cutar?"

"An samu, Mama. Yana kashewa."

"Duk jirage ake fesawa? Har masu zuwa Kano?"

"Har su."

Ta gyaɗa kai. "To madalla. Ranar da zai dawo ba zai kwaso komai a hanya ba."

Wata mata ta tsaya tana taya kifi. Maman Emeka ta share ido da bakin zani ta juya gare ta. Ni kuma na matsa gefe na ba su wuri, na rasa ta inda zan fara cewa zan tafi.